Yaya Ka Sani? Tambayar Da Ke Jiran Mai Bincike

Malamin da ke koya mana hanyar bincike ne ya ce in rubuta wa 'yan'uwana ɗalibai abin da ya same ni bara, domin waɗanda za su fita koyon aikin koyarwa bana kada su faɗa ramin da na faɗa. Da fari na ji nauyi, gama ba wanda ke so a buga labarin kuskurensa, a riƙa karantawa a ɗakin cin abinci ana dariya. Amma da na tuna an ce gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah, sai na ce to, bari in zama wanen.

An tura ni wata makarantar firamare a wani ƙauye bayan Dutsen Zuma. Tun makon fari na lura da wani yaro a aji biyar, mai kai ƙwarai, wanda ba ya zuwa ran kasuwa da ran Juma'a. Da na bi sawu, ashe ɗan jagora ne, kakansa makaho yake ja. Kafin zango ya ƙare na sami waɗansu yara irinsa, maza da mata. Abin ya tsaya mini a rai. Na shiga bin gida gida da yamma ina tambaya, har na cika littafin rubutu biyu. Da na komo kwaleji na rubuta takarda da Turanci a kan makanta da yadda take raba yara da makaranta, na aika wa wata mujallar masana ta imel, ina ji kamar na kashe zaki.

Bayan wata uku amsa ta zo. Ba su buga ba. Editan ya haɗo mini da sharhin mutum biyu waɗanda ya ba aikin su duba, ba a faɗi sunansu ba, gama haka al'adar waɗannan mujallu take. Tambayoyinsu suna da yawa, amma duk sun taru a kan guda: yaya ka sani? Ka ce makafi sun yi yawa a ƙauyen, cikin mutum nawa? Ka ce makantar rafi ce, wane likita ya duba idonsu? Wa ya ba ka izini ka shiga gidajen mutane ka rubuta asirin jikinsu? Na yi kwana biyu ina fushi. A na uku malaminmu ya kira ni ofishinsa, ya buɗe kwamfuta, ya nuna mini waɗansu tsofaffin takardu, ya ce in karanta in ga yadda waɗanda suka riga ni suka yi rubutu a kan wannan ƙasa tamu da wannan cuta.

Sai ku tuna garin da muke kira Suleja yanzu shi ne Abuja ta asali, wadda Sarki Abu Ja ya kafa a 1828. Bayan da aka yanke shawarar gina sabon babban birnin ƙasa a 1976 ne aka ɗauki sunan aka ba birnin, garin kuma ya ɗauki sunan Sarki Sulaimanu Barau. Saboda haka in kun ga Abuja cikin takardun likitocin zamanin En'e, ƙasarmu ake nufi, da kogunanmu irin su Iku da Tafa da Gurara.

Kogunan nan masu gudu bisa duwatsu su ne gidan wani ɗan ƙaramin baƙin ƙuda, gama ba ya ajiye ƙwansa sai a ruwa mai gudu. In ya ciji mutum mai cutar, ya tafi ya ciji wani, sai ya sa masa 'yar tsutsa. Tsutsar ta girma a ƙarƙashin fata cikin ƙulli, ta yi ta haifar 'ya'ya dubbai waɗanda ido ba ya gani sai da madubin likita. Su ne ke kawo ƙaiƙayin da ke hana barci, su ne kuma in sun shiga ido, sannu a hankali, shekara da shekaru, sai gani ya tafi. Wani likitan ido mai suna F. H. Budden ya zaga Jihar Arewa yana duba mutane, ya buga abin da ya gano a 1956 cikin wata mujallar likitoci ta Landan.

A ƙasar Abuja aka gwada yaƙi da ƙudan. Abin da ya fara ba ni kunya da na karanta shi ne, ba su fara da magani ba. Tun 1955 suka sa mutane su zauna a wurare ƙayyadaddu bakin kogi, ƙafa a buɗe, suna kama kowane ƙuda da ya sauka zai yi cizo, ana rubuta nawa mutum guda ya kama cikin awa guda, da ranar, da wurin. Sai a 1956 aka soma zuba maganin ƙwari mai suna DDT cikin koguna don a kashe 'ya'yan ƙudan. Yanzu an daina zuba wannan magani a ruwa saboda ɓarnarsa ga kifi da tsuntsaye, amma wannan zance daban ne. Abin lura a nan, da ba su ƙirga ƙuda kafin magani ba, da ba su da bakin cewa ya ragu bayan magani. Ni kuwa na je ƙauye na ce makafi sun yi yawa, alhali ban san da wane ƙauye ko da wace shekara nake gwadawa ba.

A 1962 mujallar Hukumar Lafiya ta Duniya ta buga labarin aikin daga 1955 zuwa 1960, da sunan mutum huɗu, cikinsu akwai J. B. Davies da R. W. Crosskey. Sa'an nan a 1968 Davies ya sake buga wata takarda a mujallar nan, ita ce ta fi shiga raina. Ya duba aikin shekara goma, kuma bai tsaya a ƙirga ƙuda ba. An bi ƙauyuka ana yankar ɗan fata ƙanƙane a jikin mutane, ana dubawa a madubi ko akwai tsutsa. Ƙuda ya ragu ƙwarai da gaske. Amma cutar ba ta ragu a jikin jama'a yadda aka sa rai ba. Ku duba fa, mutum ya yi shekaru yana shan rana da cizo bakin kogi, an kashe kuɗi, ga shugabanni suna jiran labari mai daɗi, amma ya zauna ya rubuta abin da ya gani, ya aika duniya ta karanta.

Yau mun san dalili. Babbar tsutsar tana iya rayuwa a jikin mutum shekara 10 har zuwa 15, saboda haka ko an kashe ƙuda duka yau, wanda ya kamu yana nan da cutarsa. Ƙudan kuma yana tafiya mai nisa, yana komowa daga kogunan da ba a zuba wa magani ba, ɗan kaɗan da ya saura kuwa ya isa ya riƙa ɗaukar cuta. Irin waɗannan ƙananan ayyuka su suka nuna lalle yaƙin sai an yi shi a ƙasa mai faɗi, shekaru da yawa ba fashi. Haka aka yi da aka kafa babban shirin Afirka ta Yamma a 1974, wanda ya riƙa zuba magani daga jiragen sama har aka rufe shi a 2002. Da Davies ya ɓoye rabin da bai yi daɗi ba, da ya ruɗi na bayansa.

Misali na biyu da malam ya nuna mini daga maƙwabtanmu ne. A 1987 kamfanin Merck ya yi alkawarin ba da maganin Mectizan kyauta domin wannan cuta. Amma ba a san ko yana kare ido ba sai an gwada. Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, da abokan aikinta, suka yi gwaji a ƙauyuka 34 na Jihar Kaduna. Aka raba mutane da ƙuri'a, waɗansu suna shan maganin sau ɗaya a shekara, waɗansu suna shan ƙwaya mai kama da shi wadda ba magani a ciki, ana duba idon kowa. A 1993 mujallar Lancet ta Landan ta buga sakamakon: maganin ya rage lalacewar jijiyar ido, musamman ga masu tsutsa da yawa a jiki. Daga irin wannan shaida aka tsaya kan raba maganin kowace shekara ƙauye ƙauye, wanda da yawanmu mun ga ana yi, ana auna tsawon mutum da sanda kafin a ba shi ƙwaya. A watan Janairu na 2025 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Jamhuriyar Nijar ta rabu da cutar, ita ce ta fari a Afirka.

To, da na gama karatun nan na komo kan takardata, sai na ga masu dubawa har sun yi mini sauƙi.

Kuskurena na fari lissafi ne wanda muke koya wa 'yan aji huɗu. Na rubuta yawan makafin da na samu, ban rubuta yawan mutanen da na bincika ba. A ce makafi 10 ne. In cikin mutum 200 ne, biyar ke nan cikin ɗari, abin tashin hankali. In kuwa cikin 2,000 ne, rabin ɗaya ne cikin ɗari. Har wa yau, gidajen da ɗalibaina suka nuna mini kaɗai na shiga, watau na je inda na san zan sami abin da nake nema. Wanda ya je kasuwar kifi ya ce garin duka masunta ne, ai bai ga gari ba.

Na biyu, ban faɗi abin da nake nufi da makaho ba. Wannan ya fi wuya fiye da yadda kuke tsammani. A wani gida an ce mini ba makaho, alhali ga tsohuwa zaune tana lalube, sai suka ce ai tana ganin hasken rana, ba a ce mata makauniya. A wani gida kuma an ce da wani dattijo makaho, nan kuwa tabarau kaɗai yake bukata. Likitocin ido suna da ma'auni guda: wanda idonsa mafi kyau ba ya iya ƙirga yatsu daga nisan mita 3, shi ne makaho. Akwai kuma allo mai alama guda da ke fuskantar sama ko ƙasa ko gefe, wanda ko wanda bai yi karatu ba yana iya nunawa da hannu. Ga sauran naƙasa kuwa, akwai tambayoyi shida da wani kwamitin masana ƙidaya na Majalisar Ɗinkin Duniya ya shirya, ana kiransa kwamitin Washintan: a kan gani, da ji, da tafiya, da tuna abu, da wanka da sa tufa, da fahimtar juna wajen magana. Dabararsu ita ce ba a tambayar mutum ko shi gurgu ne ko kurma. Ana tambayarsa ko yana shan wahala wajen abu kaza, ya amsa babu, ko kaɗan, ko ƙwarai, ko ba ya iyawa sam. Mutumin da zai ji haushi in ka kira shi kurma, ba zai ƙi gaya maka yana shan wahalar ji ba.

Amma a nan ƙasarmu akwai wani tarko. Da Turanci za ka rubuta takarda, da Hausa ka yi tambaya, tsofaffi da yawa kuwa sai da Gwari, watau Gbagyi yadda masu harshen ke kiransa. Sai ka fassara tambayoyin, ka ba wani wanda bai ga na fari ba ya mayar da su Turanci, ka gwada biyun. In sun saɓa, fassarar ta ɓata hanya. Ka kuma faɗi wannan duka cikin takardarka.

Na uku shi ne wanda ya fi damuna har yau. Na ɗauka tun da ƙauyen bakin rafi yake, duk makantarsa ta rafi ce. An yi babban bincike na ƙasa baki ɗaya daga 2005 zuwa 2007, aka duba idon mutum fiye da 13,000 masu shekara 40 zuwa sama. Aka sami 4.2 cikin ɗari makafi ne. Babban dalili kuwa yanar ido ce, wajen 43 cikin ɗari na makafin, sai hawan jinin ido. An ce 84 cikin ɗari na makantar nan ana iya hana ta ko a warkar. Yana kuwa aikin ɗan lokaci kaɗan ne a asibiti. Da hutu na roƙi iyalin ɗalibin nan nawa suka kai kakan asibiti. Likita ya ce yana ce. Ni da na rubuta wa masana cewa tsutsa ta cinye idonsa, ba sauran magani! Malami ba likita ba ne. In bincikenka ya taɓa sunan cuta, nemi likita ko malamin asibiti ya shiga aikin tun daga fari, sunansa kuma ya fito tare da naka. Sunan wanda ya yi aiki ake sawa, ba na wanda ake jin nauyinsa ba.

Sauran zancen izini, wanda shi ya kashe takardar tawa ɗungum. Sauran kurakurai ana gyarawa, wannan ba ya gyaruwa. Tun Sanarwar Helsinki ta 1964 likitocin duniya suka yarda ba a bincike a kan mutum sai da saninsa da yardarsa. Mu a Arewa ba sai an yi mana dogon bayani ba, gama ba a manta da gwajin maganin da wani kamfanin Amurka ya yi a kan yara a Kano lokacin sanƙarau na 1996 ba, da shari'ar da ta biyo baya, da yadda abin ya sa mutane suka riƙa gudun allurar rigakafi. A ƙasarmu akwai kwamitin ɗa'ar binciken lafiya na ƙasa, manyan asibitoci da ma'aikatun lafiya na jihohi kuma suna da nasu. Kafin ka yi wa kowa tambaya ko guda, sai ka kai musu shirin aikinka a rubuce, su ba ka takarda mai lamba. Mujalla za ta nemi lambar nan. Ba a ba da ita bayan an gama aiki. Littattafaina biyu suna nan cikin akwati, ba su da amfani sai na tunawa.

Izinin kwamiti kuma ba ya ɗauke maka na mutane. Ka fara gaida dagaci da mai unguwa, in akwai Sarkin Makafi ka je wurinsa, gama shi ya san jama'arsa. Amma yardar sarki ba ita ce yardar talaka ba. Kowane mutum sai an karanta masa takardar da harshen da yake ji, a gaya masa yana da ikon ƙi, sa'an nan ya sa hannu ko ya dangwala yatsa gaban shaida. Kurma a nemo mai maganar hannu. Yaro sai da yardar iyaye da tasa. Kuma ka yi magana da makahon kansa. Na kama kaina sau da yawa ina tambayar ɗan jagora, Baba ya ci abinci? alhali ga Baba zaune, kunnensa ya fi nawa. Dokar hana nuna bambanci ga naƙasassu, wadda aka sa wa hannu a Janairu na 2019, ta ba su haƙƙi a asibiti da makaranta da wurin aiki, amma doka ba za ta koya mana ladabi a zaure ba. Cikin takarda kada ka sa sunan kowa, ko hotonsa, ko kwatancen da zai sa a gane gidansa.

Shirin takardar kanta ba shi da wuya, gama hanya guda kusan kowa ke bi. Gabatarwa ta faɗi abin da aka riga aka sani da abin da ya saura. Sa'an nan hanyar aiki, dalla-dalla, yadda wani zai iya ɗaukar takardar ya je ƙauyen ya maimaita. Sa'an nan abin da aka samu, da alƙaluma, ba ra'ayi. Daga ƙarshe ka faɗi ma'anarsa, ka kuma faɗi raunin aikinka da bakinka kafin wani ya faɗa maka. A sama a sa taƙaitawa, galibi wajen kalma 250, ita ake rubutawa bayan an gama kome. Duk maganar da ka aro ka faɗi mai ita. Mu da muka yi makarantar mishan an hore mu da insha'i mai ado, har ana ba da kyauta ga wanda ya fi dogayen kalmomi. A nan adon nan kaya ne. Ɗaya daga masu dubawa ya ja layi ƙarƙashin shafina na fari duka, inda na yi ta kukan halin makafi, ya rubuta: mun yarda, amma me ka auna?

Wajen zaɓen mujalla, karanta waɗansu takardun da ta buga ka ga ko naka ɗan gidansu ne. Akwai ta likitocin ido na Nijeriya, akwai wadda ake bugawa a Sakkwato kan aikin likita a Afirka, akwai kuma wadda aka fara a Afirka ta Kudu a 2012 musamman domin binciken naƙasa. Kowace tana da ƙa'idodinta ga marubuta a shafinta na intanet, sai a bi su harafi harafi. Ba a aika takarda guda wuri biyu a lokaci guda. Ku yi hankali kuma da masu aiko wasiƙa suna yabonka, suna cewa ka biya kuɗi a buga cikin mako guda. Waɗansu mujallun kirki ma suna karɓar kuɗi, gaskiya ne, amma bayan an duba aikin, kuma sau da yawa suna yafe wa ɗalibin da ya roƙa. Wadda ba ta tambaye ka kome ba sai kuɗi, ba ta karanta ba.

In an komo maka da takarda an ce ka gyara, wannan albishir ne. Ka bari fushi ya huce, ka amsa kowace tambaya ɗaya bayan ɗaya, ka nuna shafin da ka gyara. Inda ka ga mai dubawa ne ya yi kuskure, ka faɗa da ladabi da hujja, gama shi bai taɓa zuwa ƙauyen ba, kai ka je.

Akwai abu guda da ba mujallar da za ta tilasta maka. Mutanen da aka yanki fatarsu a ƙauyukan Abuja a zamanin Davies, da wuya a ce waninsu ya karanta abin da aka buga da Turanci a Turai. Ran da na tafi sallama, kakan ɗalibina ya riƙe hannuna ya ce, Malam, an sha zuwa ana rubuta mu, ba a taɓa komowa an gaya mana abin da aka rubuta ba. Na ce masa, Baba, ni zan komo. Saboda haka cikin sabon shirina na sa rana guda ta taro a ƙofar dagaci, inda za a faɗi sakamako da Hausa da Gwari, da jerin waɗanda likita ya ce a kai su asibiti.

Shirin yana hannun kwamiti yanzu, wata malamar asibitin ido kuma ta yarda ta shiga aikin. In izini ya fito, da rani za mu fara, gida gida, ba tsallake. Iyalin tsohon suna tara kuɗin aikin ido ɗaya, yaron kuwa har yanzu ba ya zuwa ran kasuwa. Ina bukatar mutum biyu masu jin Gwari sosai, da guda mai maganar hannu. Wanda ke so ya same ni a ɗakin karatu bayan darasin yamma.